Abin da Ke Cikin Gwangwanin Mai Tocila

A layin masu gyara ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Mai Tocila ake ce masa, saboda 'yar tocilar da yake cizawa da haƙori in zai leƙa cikin na'ura, hannuwansa biyu suna aiki. Shekara talatin da bakwai yana cizon tocila, har haƙorinsa na dama ya yi mata gurbi. In kana yi masa magana yana aiki, amsar da za ka samu gurnani ne da haske a ido.

Yana da shekara tara Innarsu ta rasu. Yayarsa, wadda ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, ita ta ɗauke shi ta tafi da shi gidan mijinta. Ita ta yi masa wanki, ita ta ja masa kunne, kuma har yau da gemunsa ya yi fari fat, Auta take ce masa. Mijin Yaya mai ɗaukar hoto ne, kowa Mai Hoto yake kiransa, mutum mai sanyin hali. Shi ya kama hannun yaron ya kai shi koyon gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma kaset, daga kaset talabijin, da kwamfuta ta shigo kuwa ya sayi matacciya guda ɗaya ya kwance ta ya ɗaure, ya sake kwancewa, har ta gaji ta tashi. Bai taɓa zama a aji don wannan aiki ba. Da kunne yake gane ciwon na'ura, wani lokaci da hanci.

Shagonsa lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene. Teburi ɗaya duk tabon ƙuna, fanka marar murfi, da matattun kwamfutoci jere har rufi, don shi ba ya yar da komai. A cikin aljihun teburin akwai wani tsohon gwangwanin alawa. Duk ɗan abin da ya cire daga na'urar wani, komai ƙanƙantarsa, sai ya naɗe shi a takarda, ya rubuta sunan mai shi da rana, ya jefa a ciki. Matarsa ta sha cewa ranar da ya mutu da gwangwanin nan za a fara rabon gado.

Shekara goma sha shida da suka wuce ya haɗa wa Mai Hoto kwamfuta da hannunsa. Ya sa mata faifan ajiya guda biyu: na farko shi ke tayar da na'urar, na biyu na hotuna ne zalla. A wancan zamanin faifai biyu a kan igiya ɗaya suke zama, wata faffaɗar igiya kamar bel. Don kada su yi rigima, dole ɗaya ya zama shugaba, ɗaya mabiyi. A gindin kowane faifai akwai 'yan allurai, da wata 'yar baƙar roba da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, wadda ake kifawa a kan biyu daga cikinsu. Shi hula yake ce mata. Irin faifan da ya saya, mai hula shi ne shugaba, marar hula mabiyi. Sai ya zare hular na biyun, ya naɗe, ya rubuta, ya jefa a gwangwani. Sannan, kamar yadda yake yi wa duk abin da ya bi ta hannunsa, ya manna takardar tallar shagonsa a bayan faifan, ta rufe ɗan zanen da kamfani ya yi don nuna inda hular take zama.

Shekara biyu Mai Hoto ya yi yana kwafe tsofaffin hotunansa cikin wannan faifai, ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimake shi da ya yi, don daga baya rufin ɗakin ajiyarsa ya yi yoyo, kwalayen hotunan suka jiƙe suka manne kamar bulo. A cikin abin da ya tsira a faifan akwai hoton Inna. Shi kaɗai ne a duniya. Mai Hoto ya ɗauke shi lokacin da yake neman auren Yaya, 'yan watanni kafin tsohuwar ta kwanta.

To, sai ga Injiniya.

Shekara uku ke nan da ya auri 'yar Yaya, ya kuma buɗe shagon gyaran kwamfuta a tsallaken titi, ido da ido da lungun Mai Tocila. Ƙofar gilashi, farin tayil, na'urar sanyaya ɗaki, da takardar shaida a cikin firam. In za a faɗi gaskiya, yaron bai yi masa komai ba. Kullum da safe sai ya tsallako ya rusuna ya ce, "Kawu, an tashi lafiya?" Wannan ladabin ma shi ya fi ba Mai Tocila haushi, don ya hana shi samun abin kamawa. Masu kawo gyara da suka koma can bai dame shi sosai ba, ya ce su je, sanyin ɗaki suke bi. Abin da ya tsaya masa a wuya Yaya ce. Matar da shekara da shekaru ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ta ce a kira Auta, yanzu bakinta ya koyi wata sabuwar magana. Injiniya ya ce kada a bar waya a caji. Injiniya ya ce firjin nan ya tsufa. Ranar nan har Injiniya ya ce za a yi ruwa. Duk lokacin da ta faɗa, sai Mai Tocila ya ji kamar an taka masa ɗan yatsa. Kishi ne tsagwaronsa, ko da yake da za ka faɗa masa haka da kun ɓata.

Wata bakwai bayan rasuwar Mai Hoto, wata Litinin da hantsi, tasi ta tsaya a bakin shagon gilashi. Yaya ta fito, direba ya biyo ta rungume da kwamfuta. Daga inda yake zaune Mai Tocila ya gane ta, har da lotsawar da ta yi a gefe ranar da ta faɗo daga teburi. Yaya ta hango shi ta ɗaga hannu.

"Auta, ka tashi lafiya? Na'urar mai gidan ce ta ƙi tashi. So nake a fitar mini da hotonsa da na Inna, a wanke manya in rataye a ɗaki. Ban so in dame ka ba, Injiniya ya ce aikin minti goma ne."

"Madalla," in ji shi. "Allah ya ba da sa'a."

Ya mayar da tocila baki ya sunkuya a kan wata rediyo da ba abin da ya same ta.

Minti goma ta zama wuni. Washegari da rana sai ga Injiniya ya tsallako, ba fara'ar da ya saba, ya tsaya a bakin lungun yana murza hannu.

"Kawu, shawara na zo nema. Faifan farko ne ya mutu, na sa sabo irin na yanzu mai siririyar igiya, na'ura ta tashi lafiya lau. Amma na biyun, mai hotunan, ko alamarsa ba ta gani. Na canja faffaɗar igiyar, na canja wayar wuta, na shiga saitin na'urar na duba, babu. Na cire shi na jona a wata kwamfutar, nan ma shiru. Kuma yana juyawa, Kawu, in ka sa kunne kana jin sa."

Tun kafin ya rufe baki Mai Tocila ya san ciwon. Faifan lafiyarsa ƙalau. An ɗauke masa shugaba ne, an bar shi shi kaɗai a kan igiya ba hula, yana zaman mabiyi, yana jiran umarnin wanda ba ya nan. A mayar masa da hularsa, shi ke nan. Yaron kuwa bai taso ya tarar da irin wannan ba, ga zanen da zai tuna masa an rufe da takardar talla. Maganin yana cikin aljihun teburi, bai fi taku ɗaya daga gwiwar Mai Tocila ba.

Ya zare tocilar daga baki a hankali, ya goge ta da gefen riga.

"Yaya ce ta aiko ka?"

"A'a, Mama ba ta san na zo ba."

"To ai mu 'yan rediyo ne, Injiniya. Ku da kuke da takarda a bango in abu ya gagare ku, mu wa? Ka dai ƙara dubawa."

Yaron ya yi godiya, ya koma. Mai Tocila ya bi bayansa da kallo, wani daɗi marar kyau yana ratsa shi. Yana ganin an rufe ƙofar gilashi ya jawo gwangwani ya zazzage. Ga ta nan, takardar ta yi ruwan ƙasa, rubutun hannunsa ne: Mai Hoto, faifai na biyu. Ya jefa ta a aljihun gaban rigarsa. Ba wai ya yi niyyar hana su ba ne, haka ya gaya wa kansa. Abu ɗaya kawai yake so: Yaya ta tsallako da ƙafarta, ta tsaya a bakin lungun nan ta ce, Auta, zo ka duba mini. In ta faɗa, ko minti biyu ba za a yi ba.

Da yamma ya ba matarsa labari yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube shi.

"Wato ka san abin da ya same shi?"

"Tun yana magana."

"Kuma ka bar yaron mutane yana zufa. Malam, kishi ne yake cin ka, ba wani abu ba."

"Ni? Kishin wa? Yaron da aka haifa ina riƙe da sukundireba?"

"Shi fa. Kai da ka kusa sittin kana jira a zo a lallashe ka kamar wanda aka hana nono. Hoton mahaifiyarka ne a ciki, ba na tawa ba."

Ya ce mata faifai ba ya ruɓewa, kwana biyu ba za su kashe shi ba. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ce Allah ya kyauta.

Laraba ta wuce yana leƙen tsallake. Ya ga Injiniya ya fita ya dawo da wata igiyar, ya ga ya kira wani abokinsa sun sunkuya tare sun miƙe tare. Ko abincin rana yaron bai fita ci ba. Mai Tocila kuwa har da 'yar waƙarsa yana liƙa waya.

Ranar Alhamis Yaya ta zo. Ta daɗe a shagon gilashi, sannan ta fito ta tsallako a hankali, tana dafa gwiwa. Murna ta kama shi. Ya share mata benci, ya juya mata fanka, hannunsa ɗaya yana kan aljihu.

Ta zauna ta ce, "Injiniya ya ce da wuya faifan nan ya tashi. Wai ciwon a ciki yake." Ta goge ido da bakin mayafi. "Mutumin nan shekara arba'in yana ɗaukar mutane, shi kansa hotunansa ba su fi biyar ba, duk suna ciki. Ga Inna. Wallahi Auta, jiya na rufe ido ina neman fuskarta, sai ɗankwalinta kawai nake gani."

Yatsunsa sun riga sun kama takardar. Jira kawai yake ta ƙarasa.

"Yaron nan ya yi ƙoƙari, ko barcin kirki ba ya yi," in ji ta. "Da rediyo ce da kai zan kawo wa, na san ba za ta gagare ka ba. Amma waɗannan na zamani sai su."

Rediyo. Shi da ya ɗaure kowane sukuru na na'urar nan da hannunsa, tana zaune tana kallo, har ta kawo masa shayi. Ta manta ke nan. Ya saki takardar ta koma ƙasan aljihu.

"To," ya ce, "tunda Injiniya ya ce."

Ya raka ta ta hau tasi. Ranar bai ƙara yin waƙa ba.

Da safiyar Juma'a yana buɗe shago, maganar Yaya ta dawo masa. Ya tsaya da kwaɗo a hannu ya gwada nemo fuskar Inna. Ya tuna kujerar da ta zauna a hoton, ya tuna hannunta a kan gwiwa. Fuskar ta ƙi zuwa. Ashe shi ma tun da daɗewa ba Inna yake tunawa ba, hoton yake tunawa, kuma rabonsa da ganinsa an fi shekara biyar. Tsoro ya kama shi. Ya bar ƙofa a buɗe ya tsallaka titi, karo na farko a shekara uku.

Sanyin ɗakin ya doke shi. Injiniya yana zaune a ƙarƙashin fitila mai haske, idanunsa jawur. A gabansa ga faifan Mai Hoto, ga 'yan sukurori shida jere a kan farar takarda, ga murfin a gefe. Cikin faifan a buɗe yake, farantinsa yana ƙyalli kamar madubi. A gefen farantin akwai sawun babban yatsa.

Duk wanda ya san aikin nan ya san ba a buɗe faifai a ɗaki irin wannan. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta kashe shi.

"Yaushe ka buɗe?"

"Jiya, bayan Mama ta tafi. Na ga yadda ta fita tana kuka, na ce bari in duba ko ɗan hannun ƙarfen da ke karanta farantin ne ya maƙale. Na ɗan taɓa shi, Kawu. Ban ga komai ba."

Mai Tocila ba shi da bakin yi masa faɗa. Ya ja kujera, ya ciji tocila, ya mayar da murfin, ya ɗaure sukurorin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a kira Yaya a waya ta zo yanzu, don in faifan ya tashi ba zai daɗe ba. Kafin ta iso ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta a kan teburi, ya ɗauki 'yar hular da hantsaki ya kifa ta a kan allurai biyu na ƙarshe. Injiniya ya matso yana kallo, bakinsa a buɗe.

Yaya ta shigo tana haki. Mai Tocila ya jona igiya, ya danna maɓalli. Faifan ya juya, ya yi wani ɗan ƙara da ba ya yi a da, sai ga sunansa ya fito a allo. Kwana huɗu ana nema, ga shi nan cikin daƙiƙa goma.

"Ya gan shi," in ji Injiniya a hankali.

Jakunkunan hotuna suka jeru, ɗaruruwa, kowace da sunan da Mai Hoto ya ba ta. Ƙarar tana ƙaruwa, ƙyas, ƙyas, kamar ana kankare ƙasan tukunya. Mai Tocila ya san abin da ake kankarewa. Ba lokacin tambayar Yaya da wanne za a fara. Hannunsa ya tafi kan jakar da aka rubuta Inna, ya ja hoton zuwa sabon faifai. Layin kwafi ya tafi, ya tsaya, ya ɗan ƙara, ya tsaya. Sai faifan ya yi wani dogon kuka ya yi tsit. Sunansa ya ɓace daga allo. Sun kashe sun kunna har sau bakwai, bai sake dawowa ba.

Ya buɗe abin da ya samu. Hoton ya sauko daga sama: bangon da ke bayanta, ɗankwali, goshi, gira, idanu. Daga ƙarƙashin idanun zuwa ƙasa toka ce shimfiɗe, ba hanci, ba baki, ba hannu a kan gwiwa.

Yaya ta matso har numfashinta yana taɓa allon. Ta daɗe tana kallo.

"Idonta ne," ta ce. "Wallahi idonta ne." Ta juyo ta kama hannunsa da hannu biyu, abin da rabonta da yi tun yana yaro. "Auta, Allah ya yi maka albarka. Ni ce da laifi. Da na sani, da tun ranar farko wurinka na kawo."

Maganar da ya kwana huɗu yana jira ke nan, har da ƙari. Ya ji ta kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Na mai gidan fa?" ta tambaya. "Ko guda ɗaya?"

Ya girgiza kai.

Injiniya ya ce shi ne ya buɗe faifan, shi ya ɓata, a yafe masa. Yana cikin faɗin haka idonsa ya sauka a kan 'yar takardar da ke teburi. Ya ɗauka. Ya karanta rubutun, ya karanta ranar da ke jiki ta shekara goma sha shida, ya dubi aljihun da ta fito, sannan ya dubi Mai Tocila. Yaron ba wawa ba ne. Ya tuna Talata, ya tuna 'yan rediyo. Mai Tocila ya tsaya yana jiran a tona shi, har wani ɓangare na zuciyarsa yana roƙon a tona.

Injiniya ya ninke takardar yadda take, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Kawu, takardarka."

Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba, ranar ko bayanta. Har yau yana tsallakowa da safe ya rusuna ya gaishe shi, sai dai bai sake neman shawararsa ba.

Mai Tocila yana nan a lungunsa, yana cizon tocila. Yaya ta daina cewa Injiniya ya ce. Yanzu ko ƙwan fitila ne ya mutu, Auta ake kira, kuma yana zuwa. A bangon ɗakinta akwai firam biyu. Ɗaya hoton Mai Hoto ne da aka ciro daga katin shaidarsa aka faɗaɗa, ya yi dishi-dishi, da rabin hatimi a kafaɗa. Ɗayan Inna ce, daga ɗankwali zuwa ido, sauran toka, don Yaya ta hana a yanke tokar. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce, "Ka ga wannan? Kowa ya kasa, Auta ne ya ceto mana ita."

Ya sha ɗaura niyyar gaya mata. Sau biyu har ya buɗe baki, ta ce ya sha shayinsa kada ya huce. Akwai kujera mai laushi a ɗakin da take ajiye masa, tana fuskantar bangon. Shi a kan 'yar kujerar katako ta bakin ƙofa yake zama, ya ba hotunan baya, ya ce iska yake so.